Ranar da Na Koma 'Yar Maƙwabta

Kafin wata ta fara turo min wa'azi a kan kishi, don Allah ku tsaya ku ji yadda abin ya faru tukuna. Na san halinku. Ni ma da a bakin wata na ji, da tuni na ce mata ta yi haƙuri, ta kyautata zato. To ni a kaina ya faɗo, kuma har yanzu da nake danna muku wannan rubutu zuciyata ba ta gama saukowa ba.

Ni ce ƙarama a gidanmu, shi ya sa kowa Auta yake ce min, har shi saurayin nawa. Shi kuma Injiniya na sa masa a wayata, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Shagon gyara gare shi a bakin titi, ɗan tsukuku tsakanin mai aski da mai facin taya. Fanka, rediyo, dutsen guga, injin markaɗe, duk abin da ya mutu in ya shiga hannunsa sai ya tashi. Mutum ne marar yawan magana. In zai zo wajena sai ya dirje hannunsa da sabulu har fatar ta yi fari-fari, amma baƙin man da ke gefen farcensa bai taɓa fita ba. Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, har wannan baƙin so nake.

Ɗaki biyu muke haya a wani gida mai tarin jama'a, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, faɗa kuwa kowace safiya. Baba ya ajiye tuƙi tun da idonsa ya fara hazo. Umma ke riƙe da gidan da wanki da guga na mutanen manyan gidajen da ke bayan layinmu, har yatsunta suka tsattsage saboda ruwa da sabulu. Ni na gama makaranta, takardar tana ƙasan akwati tana hutawa.

Sai kuma Gwaggo, yayar Baba, wadda in ta zo ko mayafi ba ta cirewa take farawa da ni.

"Wai yaron nan mai gyaran fanka, aurenki zai yi ko ke ma gyaran ki yake?"

"Gwaggo, yana shiri ne."

"Shiri! Sa'anninki har sun fara kai 'ya'ya makaranta, ke kina nan ana shiri."

Baba bai cika sa baki ba, amma ranar nan ya ce, "Auta, ki gaya masa ina son ganin manyansa." Da na gaya wa Injiniya sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ki ba ni lokaci in gama horon nan."

Horon nan! Kuma ni da bakina na matsa masa ya shiga. Wata cibiya ce ta buɗe shi don matasa, ana koya musu yadda za su kafa sana'ar da za ta ci da su, ta kuma ɗaga gidajen da talauci ya danne a cikin gari. Ranar farko ya dawo yana ta zumuɗi, yana min bayani kamar malami.

"Ba sadaka ba ce, Auta. Kasuwanci ne sosai, sai dai ribar ba a aljihunka kaɗai take kwana ba."

Na ji daɗi wallahi. Sai da aka raba su bibbiyu, kowa da wanda zai yi aiki da shi, sannan daɗin ya fara tsami. Wata safiya saƙonsa ya shigo ina shara.

"Ina kwana ranki ya daɗe. Yau za mu zaga unguwanni, sai yamma zan kira."

"Ku da wa?"

"Ni da abokiyar aikina."

Na jingine tsintsiyar na sake karantawa. Abokiya. Duk mazan da ke cibiyar nan, an rasa wanda za a haɗa shi da shi sai abokiya.

Daga nan bakinsa ya koyi wata sabuwar kalma: ta ce. Ta ce in riƙa kallon idon mutane in ina magana. Ta ce in nemi riga mai kwala. Ta ce ashe ina da kai. Ni da na shekara ina gaya masa yana da kai, bai taɓa maimaitawa ba. Da ya ɗora hotonsu na aji a waya, na same ta nan take, ba sai an nuna min ba: doguwa, mayafi ruwan toka, tabarau mai siririn ƙarfe, tana murmushi kamar an biya ta. Kafaɗarsa dab da tata. Na yi ta buɗe hoton da yatsu biyu har fuskarta ta farfashe. Tun ranar na sa mata Mai Tabarau, kuma ko da na san sunanta daga baya ban canza ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da ya zo ya miƙo min ledar lemo na ga farcensa tas. Tas, jama'a, kamar na ma'aikacin banki.

"Me ka yi wa hannunka?"

Ya yi dariya. "Wani man wanke hannu ta ba ni. Kin ga aikinsa?"

Na ce na gani. Lemon nan ban sha shi ba, maƙwabta na ba wa.

To ku ji inda na haƙa wa kaina rami. Wata yamma yana zaune a benci a ƙofar gida, kofin shayi a hannu, ya yi tagumi. Wai kowane rukuni ya samo abin da zai yi, su ba su samo ba. Ni kuma don in nuna masa ba Mai Tabarau ce kaɗai mai kai ba, sai na ce:

"Kai da kake gyara, ka leƙa ƙarƙashin gadajen layin nan mana. Kusan kowane gida akwai mataccen keken ɗinki. Namu ma yana nan, Umma ta mai da shi wajen ɗora kwanuka."

Ya ɗago ya kalle ni. Sai ya ajiye kofin, bai ma shanye ba, ya ce yana zuwa. Washegari ya zo ya saɓa kan keken Umma a kafaɗa, duk tsatsa da yanar gizo. Da ya dawo da shi yana ƙyalli, ya sa masa sabon bel da allura, ya ɗiga masa mai. Umma ta zauna tana cewa ta manta, ta manta. Tana ɗora ƙafa sai ƙarar ta cika ɗakin, mutanen gida suka yo cincirindo a ƙofa. Ashe kafin ta haife mu tela ce ta gaske. Ranar nan na kalle shi na ce a raina, Gwaggo ta yi ta magana, wannan nawa ne.

Tsarin nasu mai kyau ne, ba zan ɓoye ba. Shi zai riƙa tayar da tsofaffin kekuna. Ita za ta riƙa karɓo ƙyallayen da teloli ke zubarwa, matan su ɗinka jakunkunan cefane da na makaranta, a kai shaguna. A cikin abin da aka samu, a ware na gyaran keken gida na gaba. Da haka, da haka, har layi ya ƙare.

Amma sai na lura da wani abu. Duk ranar da Mai Tabarau za ta zo gidanmu, ni ba na nan. Yau Umma ta aike ni kai guga, gobe ta ce in je in duba Yaya ba ta jin daɗi, in je in tarar da Yaya garau tana kallo. In na dawo sai in tarar da buhun ƙyallaye a bayan ƙofa da ƙamshin wani turare da ba namu ba.

"Yarinyar kirki," in ji Umma, tana yanka yadi ba ta ko ɗago ba. "A ƙasa ta zauna fa, ta sa hannu muka ci abinci. Har ta kawo min man shafawa na hannu."

"Mai ba da mayuka ce ke nan," na ce.

"Me kika ce?"

"Ba komai."

Wato bayan Injiniya, har uwata ta shiga hannu. Ni da aka haife ni a ɗakin nan ban taɓa jin an ce min yarinyar kirki da irin wannan murya ba.

Aka zo ranar da kowane rukuni zai gabatar da aikinsa a gaban alƙalai, a zaɓi waɗanda za a ci gaba da tallafa wa. Bai gayyace ni ba. Na ga dai Umma da safe tana goge rigarta ta fita, wadda ba ta sawa sai da babban dalili.

"Ni ma zan je," na ce.

"Ki zauna ki kula da Babanki."

Baba daga kan tabarma ya ce, "Ni jariri ne? Ku tafi tare, ta riƙe miki kaya."

Umma ta ɓata fuska, ta ci gaba da gugarta. Ni kuwa na shige ɗaki. Doguwar rigata baƙa mai duwatsu a hannu na sa, wadda Yaya ta ba ni, na ɗaura ɗankwali ja na warware na sake ɗaurawa har sai da ya zauna, na zizara kwalli, na ƙarar da ɗan turaren da nake ta tattali. Takalmin ma mai tsini na ɗauka, duk da na san zai ci min ƙafa. In za a ga juna, a ga juna da kyau.

Ɗakin taron a saman bene yake, fararen kujeru a jere, fankoki suna ta juyi, an kafa majigi yana haska bango. Can na hango shi cikin riga mai kwala, an soke ta cikin wando, kamar ba shi ba. Yana ganina murmushin ya daskare a fuskarsa. Kafin ya motsa, ta riga shi ƙarasowa. Ta rusuna ta gaida Umma, ta karɓi buhun jakunkunan daga hannuna, sannan ta dube ni da fara'a. A kusa ta fi hoton kyau, abin haushi.

"Ke ce 'yar Umma? Sannu da zuwa! Ya taɓa ce min akwai wata 'yar maƙwabtan shagonsa da ta gama makaranta tana zaune. Ashe ke ce. Ya kamata ki shiga zango na gaba fa."

'Yar maƙwabta. Na ji kamar an watsa min ruwan guga. Na kalle shi, ya sunkuya yana gyara wayar majigi da ba abin da ya same ta. Na kalli Umma, ita kuma ta ga wani abu mai ban sha'awa a rufin ɗakin.

Muka zauna. Da aka kira su, hoton farko da ya fito a bango ɗakinmu ne. Ɗakinmu, jama'a, ƙato, a gaban mutane. Labulen da dutsen guga ya ƙona, bokitin da muke tarar yoyo, takalman Baba a bakin ƙofa. A ƙasa an rubuta: Gida na farko. Na ja ɗankwalina gaba kamar za a gane ni.

Mai Tabarau ta riƙe abin magana, muryarta a natse. "Da muka zaga, mun lura cewa kusan kowane gida a layin akwai mataccen keken ɗinki a ƙarƙashin gado."

Mun lura! Maganata ce, da bakina na yi ta, a kan bencinmu. Aka tafa mata. Shi ma da ya karɓa ya yi bayanin gyara, yana kallon idon mutane kamar yadda ta koya masa, ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba.

Sai aka kira Umma. Na ɗauka za ta rikice. Ta miƙe ta ɗaga jaka ɗaya mai haɗin ƙyalle kala-kala, ta juya ta ciki da waje don a ga ɗinkin.

"Ni dai ban iya dogon bayani ba," ta ce. "Amma tun da keken nan ya tashi, ban sake durƙusawa kan wankin kowa ba. Ga hannuna, ya warke. Matan gidanmu ma duk sun fito da nasu kekunan, suna jiran layi ya zo kansu."

Ta ɗaga tafinta sama. Ban taɓa ganin Umma ta tsaya a gaban jama'a ba, ban kuma taɓa jin muryarta ta fita haka ba. Hawaye ya taho min, ban san na wanne ba ne a ciki.

Da aka tashi hutu na tare shi a kan matakala.

"'Yar maƙwabta ce ke gaisuwa."

"Auta, don Allah rage murya."

"In rage? Ka haska ɗakinmu a bango, ka ba ta maganata, ka ce mata ni 'yar maƙwabta ce, sannan in rage murya?"

Ya waiga sama ya waiga ƙasa. "Doka ce. Tun ranar farko suka faɗa: ba a yarda ka zaɓi gidanku ba, ko na danginka, ko gidan da kake neman aure. Duk wanda aka kama, an cire rukuninsa gaba ɗaya, an cire gidan daga tsarin. Shagunan da ke karɓar jakunkunan ta hannun cibiyar suka zo. In suka janye, Umma ta koma wanki."

"To me ya sa ka zaɓe mu?"

"Wa zan fara ɗagawa in ba ku ba?"

Wannan ta ɗan taɓa ni, amma ban bari ya gani ba. "Umma ta sani?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nake."

"Ita ta ce kar a gaya miki. Ta ce bakinki ba ya riƙe magana."

Na yi wata dariya da ba ta da daɗi. Ashe aiken guga da ciwon Yaya duk shiri ne. "Shi ya sa ka ƙi turo manyanka."

"Sai an gama. In aka zaɓe mu akwai zango na biyu, daga nan shi ke nan."

"Zango na biyu, kai da ita."

"Aiki ne, Auta."

"Ita fa, ta san kana da wadda kake nema? Ba sai ka faɗi gida ba. Ka ce mata akwai wata?"

Ya sake sosa ƙeyar nan tasa. "Ba ta tambaya ba."

Ba ta tambaya ba. Na bar shi a nan na koma kujerata, takalmin yana cin ƙafata, ni ina cin raina.

An zaɓe su, ba sai na ja muku rai ba. Ɗakin ya ɗauki tafi, Umma ta rufe fuska da mayafi tana godiya ga Allah, Mai Tabarau ta yi tsalle kamar yarinya ta juya wajensa, shi kuma ya yi mata irin dariyar da nake zaton tawa ce ni kaɗai. Na tafa. Hannuna ya tafa, ni ban tafa ba.

A waje muna jiran mota, shi yana can sama suna kwance majigi, sai ga ta da sauri. Ta kamo hannuna ta ja ni gefe, amma ba nisa, Umma tana jin komai. Ta cire tabarau tana goge shi da bakin mayafi, ta ƙi haɗa ido da ni. Duk natsuwar nan ta ɗakin taro ta gudu.

"'Yar'uwa, wata tambaya zan yi miki, don Allah kar ki yi min dariya. Tunda kin san shi a unguwa... yana da wadda yake nema?"

Ku gaya min, in ku ne me za ku ce? Amsar tana kan harshena, har da ƙari. In ce mata akwai, kuma ga ta a gabanki da jan ɗankwali. In ce mata farcen da kika wanke nawa ne. Amma in na ce akwai, za ta ce wace ce, kuma na san fuskata, ba ta iya ƙarya rabi-rabi ba. Ita kuwa mai bin doka ce, a idonta ake gani.

Na waiga. Umma ta tsaya cak da ninke buhun da ba komai a ciki, don an saye jakunkunan duka. Ba ta harare ni ba, ba ta yi min alama ba. Kallona kawai take, da hannun nan nata da ya warke.

"Ban taɓa ji ba," na ce.

Mai Tabarau ta sauke ajiyar zuciya, ta rungume ni. Turaren nan da nake tararwa a ɗakinmu ya cika min hanci. "Allah ya saka. Ba ni lambarki, daga yau kin zama ƙawata."

Na ba ta. Da bakina na karanta mata.

A mota, sai da muka yi nisa sannan Umma ta dafa gwiwata a hankali. "Allah ya yi miki albarka, Auta."

Na juya wajen taga. In na buɗe baki kuka ne zai fito, ko abin da ya fi kuka muni. Wayata ta yi ƙara. Na ɗauka shi ne zai ba da haƙuri. Baƙuwar lamba ce.

"Ni ce, ƙawata. Ina so in saya masa riga ta murnar nasararmu. Wane launi ya fi so?"

Na sani mana. Shuɗi mai duhu. Na kuma san wanda ya tsana, wanda ya ce in ya sa yana komawa kamar nunanniyar ayaba. Yatsana bai ko yi gardama ba.

"Ruwan ƙwai," na rubuta. "Mai haske sosai."

"Kai, na gode! Da ban tambaye ki ba da na yi kuskure."

Na ɗan ji sanyi, kaɗan dai, har na fara murmushi. Sai na ga alamar tana sake rubutu. Ta rubuta, ta tsaya, ta sake rubutawa.

"Asabar zan biyo miki mu kai masa shago tare. Ni kunya nake ji. Ke za ki fara yi masa maganata."

Na zuba wa saƙon ido har hasken wayar ya mutu, na sake kunnawa, yana nan. Umma ta leƙo tana tambaya wa ke ta turo min saƙo haka.

Na kife wayar a cinyata.

"Ƙawata ce," na ce.